ROY FRANCIS, ƊAN GARIN MAHAƘA DA YA ZAMA MALAMIN ƳAN ƘWALLO A INGILA

Yau mun kawo muku tarihin wani mutum wanda sunansa bai cika shiga kunnuwanmu ba a nan Nijar, domin wasan da ya yi suna a cikinsa ba irin wanda muka saba gani ba ne a filayenmu. Sunansa Roy Francis. Shi ne baƙar fata na farko da ya sa rigar ƙungiyar ƙasar Birtaniya a wasan zari-ruga na ƴan goma sha uku, kuma masana tarihin wasanni sun haɗu a kan cewa shi ne baƙar fata na farko da aka ba ragamar horas da wata babbar ƙungiyar ƙwararru a ƙasar, a kowane irin wasa. Mutanen Arlit da Akokan da Cirozerin suna da dalilin karanta labarinsa fiye da kowa, domin a garin mahaƙa ya tashi, wasan da ya ɗaukaka shi kuma wasan mahaƙa ne.

Sai mu fara bayyana wasan. Zari-ruga ƙwallo ce mai siffar ƙwai, wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita. Abokan hamayya suna da izinin su kama mai ƙwallon su kayar da shi ƙasa, kamar yadda ake yi a filin kokowa. Ba a jefa wa ɗan'uwa ƙwallo gaba, sai baya ko gefe. Wanda ya keta ya dire ta a bayan layin abokan hamayya ya ci, sa'an nan a ba ƙungiyarsa bugun ƙari da ƙafa, a nemi ƙwallon ta bi ta tsakanin dogayen sanduna biyu. A zamanin da muke magana, direwa maki 3 ce, bugu kuma maki 2.

Wasan kashi biyu ne, akwai na ƴan goma sha biyar, akwai na ƴan goma sha uku, kuma dalilin rabuwarsu kuɗi ne. Tun farko manyan da ke riƙe da hukumar wasan a Landan ƴaƴan masu hali ne, waɗanda suka fito daga makarantu masu tsada. A wurinsu wasa nishaɗi ne, karɓar ko anini dominsa abin kunya ne. Amma a arewacin Ingila waɗanda suka fi iya wasan su ne masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙu da ƴan dakon tashar jiragen ruwa. Waɗannan mutane suna aiki har ranar Asabar, ranar Asabar ce kuwa ake wasa. Duk wanda ya bar rami ya tafi fili an yanke masa ladan yini, in kuma ya karye a fili, iyalinsa ne za su kwana da yunwa. Ƙungiyoyin arewa suka roƙi a yarda su riƙa mayar wa ɗan wasa abin da ya rasa. Landan ta ƙi. Ranar 29 ga watan Agusta 1895 wakilan ƙungiyoyin suka taru a wani otel mai suna George a garin Huddersfield, suka ɓalle, suka kafa tasu hukuma da ƙungiyoyi 22, suka tsayar da sule shida a matsayin diyyar yini. A 1906 suka rage yawan ƴan wasa zuwa goma sha uku domin wasa ya ƙara sauri. Hukumar Landan ta yi hushi, ta yanke cewa duk wanda ya taɓa shiga wasan ƴan arewa, ko sau ɗaya, an kore shi daga nata har abada. Wannan doka ta yi shekara ɗari tana aiki, ba a soke ta ba sai a 1995.

Ƙiyayyar ba a Ingila kaɗai ta tsaya ba. Wasan ya shiga Faransa a 1934, talakawan kudancin ƙasar suka karɓe shi hannu bibbiyu. A watan Disamba 1941, zamanin da ƙasarmu ma take ƙarƙashin mulkin Vichy, gwamnatin Pétain ta sa hannu a kan doka ta haramta shi, aka ƙwace dukiyar hukumarsa. Bayan yaƙi wasan ya farfaɗo, amma an daɗe ana hana shi amfani da sunansa na asali.

An haifi Roy Francis a kudancin ƙasar Wels, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka haɗu suka zama Birtaniya, a watan Janairu 1919. Mahaifinsa baƙar fata ne daga tsibirin Trinidad, mahaifiyarsa Baturiya. Shekarar ba ta yi wa irinsa kyau ba. A watan Yuni na wannan shekara Turawa suka afka wa unguwannin baƙaƙe da Larabawa a Cardiff, babban birnin yankin, aka ƙone gidaje, aka yi asarar rayuka. Yaron ya girma a Brynmawr, wani ƙaramin gari a kan tudu mai tsananin sanyi, wanda ya rayu a kan narkar da ƙarfe da haƙar kwal, irin kwal ɗin da kamfanin SONICHAR ke haƙowa a Anu-Araren. Lokacin da ya yi wayo, arzikin garin ya riga ya ƙare. An rufe ramuka ɗaya bayan ɗaya, magidanta suna zaune a bakin titi ba aikin yi, har garin ya shiga cikin waɗanda suka fi yawan marasa aiki a ƙasar duka, sai da wata ƙungiyar masu taimako ta zo ta buɗe wurin yin takalma da kujeru domin a samu abin sa wa a baki. Wanda ya ga Akokan bayan 31 ga watan Maris 2021, ranar da COMINAK ta daina haƙa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan zama.

A Wels wasan ƴan goma sha biyar ake yi, kuma jama'ar ƙasar suna sonsa kamar yadda muke son kokowa. Francis ya fara buga wa ƙungiyar garinsu tun yana saurayi, aka ga yana da gudu da wayo. Amma abubuwa biyu sun tare masa hanya: wasan ba ya biyan kowa, kuma a wancan zamani ba a ɗaukar baƙar fata a ƙungiyar ƙasar Wels, komai gwanintarsa. Ba a yi hakan ba sai cikin shekarun 1980. Saboda haka, da wakilan ƙungiyar Wigan ta arewacin Ingila suka zo nemansa a ƙarshen 1936, yana ɗan shekara 17, ya sa hannu ya bi su. Ya san cewa daga ranar ba shi da sauran komawa wasan gida.

Zamansa a Wigan bai yi tsawo ba. A 1938 aka naɗa wani mutumin Ostareliya mai suna Harry Sunderland ya shugabanci ƙungiyar, daga nan aka daina sa yaron cikin wasa, a farkon 1939 aka sayar da shi ga ƙungiyar Barrow, garin masu ƙera jiragen ruwa. Masu binciken tarihin wasan suna danganta wannan da launin fatarsa. A Barrow kuwa ya samu wuri, ya fara dire ƙwallo ba ƙaƙƙautawa. Bai cika shekara ba yaƙin duniya na biyu ya ɓarke.

A nan ne abin da ya gina rayuwarsa ya same shi. An ɗauke shi soja, ya kai muƙamin sarjan a sashen motsa jiki, aka ba shi aikin farfaɗo da sojojin da suka dawo daga fagen fama da raunuka. Wani ya rasa ƙafa, wani hannunsa ya shanye, wani jikinsa lafiya lau amma zuciyarsa ta karaya. Aikin ya koya masa cewa ba a yi wa mutum ɗari magani guda. Kowane majiyyaci da irin motsin da ya dace da shi, da irin maganar da za a yi masa. Akwai wanda sai an lallashe shi, akwai wanda sai an yi masa tsawa. Ya kuma lura cewa sojan da hankalinsa ke gida, yana tunanin matarsa da ƴaƴansa, ba ya warkewa da wuri. Masu horas da ƴan wasa na wancan lokaci ba su san da wannan ilimi ba. Abin da suka sani shi ne a sa mutane su yi ta zagaya fili har su gaji, a sallame su.

Cikin shekarun yaƙin yana samun izini ya buga wa ƙungiyar Dewsbury a matsayin baƙo, ƙungiyar kuwa ta ci gasar ƙasa a 1942, ta ci kofi a 1943. Da aka gama yaƙi ya koma Barrow yana kan ganiyarsa, ƙungiyar Wels ta ƴan goma sha uku ta kira shi ya buga mata.

A 1946 aka shirya tafiyar ƙungiyar Birtaniya zuwa Ostareliya, ta farko bayan yaƙi. Jiragen ruwa na fasinja sun yi ƙaranci, sai a jirgin yaƙi aka kwashi ƴan wasan. Masu bin wasan sun ɗauka sunan Francis na cikin waɗanda ba a jayayya a kansu. Da aka fito da sunaye, babu nasa. Ostareliya tana da doka tun 1901 wadda ta toshe wa waɗanda ba Turawa ba shiga ƙasar, manyan hukumar wasan a Ingila kuwa ba su so su ja rigima. Suka bar shi a gida. Wannan ya nuna cewa wasan talakawa ma yana da iyakar adalcinsa: ya buɗe wa baƙar fata ƙofar da wasan masu hali ya rufe, amma da lamarin ya kai ga ɓata wa abokan hulɗa rai, shi aka sadaukar.

Hakkinsa ya zo a makare, kuma bai zo cikakke ba. A watan Disamba 1947, a filin Odsal na birnin Bradford, aka sa shi cikin ƙungiyar Birtaniya a karawa da New Zealand. Ya dire ƙwallo sau biyu, Birtaniya ta yi nasara. Ba a sake kiransa ba. A 1948 ya koma Warrington, a ƙarshen 1949 ya koma Hull. Da ya ajiye takalmansa a Disamba 1955, an ƙidaya masa direwa 229 cikin wasa 356.

Hull birni ne na masunta da ƴan dako a gabashin Ingila. Filin ƙungiyar yana cikin unguwar masu shiga teku da jiragen kamun kifi, mutanen da suka san wahala, waɗanda ba sa raga wa kowa. A 1951 shugabannin ƙungiyar suka damƙa wa Francis horas da ƴan wasa, yana kuma ci gaba da bugawa tare da su. Mai karatu ya tuna da zamanin: a wannan shekara ƙasashen Afirka kusan duka suna hannun Turawa, a Nijar kumandan ne ke yanke hukunci a kowace gunduma. Ga shi a can cikin Ingila baƙar fata yana tsaye da usur a baki, ƙartin Turawa suna gudu in ya ce su gudu, suna tsayawa in ya ce su tsaya. A ƙwallon ƙafa ta Ingila ba a ga irin haka ba sai a 1960, a wata ƙaramar ƙungiya ta garin Rochdale.

Abin da ya koya a wurin sojoji masu rauni shi ya kawo fili. Ya daina gudun zagaye marar amfani, ya kawo gajeren gudu mai tsanani, har yana sa manyan ƙarti na gaba, waɗanda aikinsu ture-ture ne, su sa takalman ƴan tsere su koyi tashi da sauri. Ya nace sai kowane ɗan wasa ya iya karɓar ƙwallo da miƙa ta, ko da shi ne mafi nauyi a ƙungiya. Kowa da nasa tsarin horo gwargwadon jikinsa. Ya riƙa sa a ɗauki wasanni da na'urar sinima, a zauna a kalla, a nuna wa kowa inda ya yi kuskure, tun shekaru da yawa kafin wannan ya zama al'ada a duniya. Sa'an nan ya shigo da iyali cikin lamarin. Ƴan wasansa ba su da wadata. Da rana suna wurin aiki, da yamma su zo horo, ranar hutu kuma su tafi wasa a wani gari. Francis ya sa aka riƙa tanadar wa matansu mota zuwa wurin wasa, ana karɓarsu da mutunci. Abokan aikinsa na wasu ƙungiyoyi sun ɗauki wannan ɓata kuɗi ne. Shi kuwa ya san cewa mutumin da ya baro gida cikin rigima rabinsa ne ke zuwa fili.

Sakamako bai daɗe ba ya bayyana. Ya gina rukunin ƴan gaba wanda duk Ingila ke tsoro, a cikinsu akwai Johnny Whiteley ɗan unguwar masunta, da Tommy Harris, da tagwaye Jim da Bill Drake. A 1956 Hull ta ci gasar ƙasa, ta doke Halifax da 10 da 9, da bugun da Colin Hutton ya yi ana dab da tashi. Rabonta da wannan gasa shekara ashirin ke nan. A 1957 Oldham ta ƙwace da ratar maki ɗaya tak, 15 da 14. A 1958 Hull ta dawo ta lallasa Workington da 20 da 3. Abin da ya gagare shi a Hull shi ne babban kofin da ake kammalawa a filin Wembley na Landan. Sau biyu ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe, sau biyu ta sha kashi mai zafi: Wigan ta ci ta 30 da 13 a 1959, Wakefield ta ci ta 38 da 5 a 1960, ranar da raunuka suka hana da yawa daga manyan ƴan wasanta fitowa.

Kafin ya bar Hull ya yi wani abin da ya wuce kofi. A 1961 wani saurayi baƙar fata daga Cardiff, soja, mai siraran ƙafafu da aka sha yi wa aiki tun yana yaro, ya zo gwaji bayan wata ƙungiya ta ƙi shi. Francis ya sa shi a wasa, yaron ya dire sau uku, aka ɗauke shi. Shi ne Clive Sullivan, wanda a 1972 ya jagoranci Birtaniya ta ci kofin duniya a birnin Lyon na Faransa, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kyaftin ɗin wata ƙungiyar ƙasa ta Birtaniya.

A 1963 Francis ya koma Leeds, ƙungiya mai kuɗi da suna, amma ƴan wasanta sun tsufa. Ya sallami tsofaffin, abin da bai yi wa magoya baya daɗi ba, ya tara samari: Mick Shoebottom, Barry Seabourne, Syd Hynes, John Atkinson, Alan Smith. Shekarun farko ba a ci komai ba, aka yi ta gunaguni. Sai a 1966 hukuma ta canza doka. A da, ƙungiya tana iya riƙe ƙwallo muddin ba ta kuɓuce mata ba, ko da an kayar da mutanenta sau talatin, wasa ya zama ture-ture marar daɗin kallo. Sabuwar doka ta taƙaita riƙon ƙwallo ga kayarwa huɗu. Wannan ya zo daidai da irin wasan da Francis ya daɗe yana koyarwa, na gudu da miƙa ƙwallo daga hannu zuwa hannu. Leeds ta zo ta ɗaya a jerin ƙungiyoyi a 1967, ta maimaita a 1968.

Ranar 11 ga watan Mayu 1968 ya koma Wembley karo na uku, Leeds da Wakefield, a gaban mutum fiye da dubu 87. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama tabki, ƙwallo in ta faɗi sai ta tsaya cik a cikin ruwa. Duk dabarun gudu da ya koyar suka tashi a banza. Saura minti ɗaya Leeds tana gaba da 11 da 7. Wakefield ta buga daga tsakiya, ɗan gefenta Ken Hirst ya bi ƙwallon yana tura ta da ƙafa cikin ruwa har ya faɗa a kanta a ƙarƙashin sanduna. Maki ya zama 11 da 10, saura bugun ƙari, a gaban sanduna sosai, irin wanda yaro ma ba ya kuskurewa. Don Fox, wanda aka riga aka zaɓa gwarzon wasan, ya zo ya buga, jiƙaƙƙiyar ƙwallo ta zame ta bi gefe. Ya durƙushe a cikin ruwa. Haka Francis ya samu kofin da ya yi shekara tara yana nema, a ranar da iliminsa bai yi masa aikin komai ba.

Bayan wannan ya ɗauki shawarar da ta ba mutane mamaki. Ya karɓi aikin horas da ƙungiyar North Sydney a Ostareliya, ƙasar da aka hana shi takawa shekara 22 da suka wuce. Ƙungiyar rabonta da cin gasa tun 1922, kuma ta sa rai shi zai fitar da ita kunya. Ya horas da ita a 1969 da 1970. Ya tarar da rarrabuwar kai a cikin shugabanninta, wasu jaridu suka sa shi gaba, aka riƙa jifansa da kalaman wariyar fata a fili da wajen fili. Dokar fifita Turawa ba a gama soke ta ba sai a 1973, zukatan mutane kuwa sun fi doka jinkirin canzawa. A farkon 1971 ya tattara iyalinsa ya koma Ingila. A bayansa, samarin da ya tara a Leeds sun ci gasar ƙasa a 1969 a hannun wani mai horaswa.

Ya sake riƙe Leeds a 1974, ya ci mata wani kofi a 1975, inda ta doke St Helens. Daga nan ya horas da Bradford har 1977, ya yi ritaya. Ya rasu a Leeds a watan Afrilu 1989, yana da shekara 70.

Shekaru da yawa bayan rasuwarsa sunansa ya kusa ɓacewa, in ban da a bakin tsofaffin ƴan wasan da suka bi ta hannunsa. A Wels ba a koya wa yara labarinsa ba, domin wanda ya tafi wasan ƴan arewa a wancan zamani ana ɗaukarsa kamar ya ci amanar gida. Sai a watan Yuli 2023 birnin Cardiff ya kafa mutum-mutumin ƴaƴansa uku da suka yi irin wannan tafiya, Clive Sullivan da Billy Boston da Gus Risman. A watan Oktoba na wannan shekara mutanen Brynmawr suka kafa na Roy Francis a garin da ya tashi, shekara 34 bayan rasuwarsa, shekara 87 bayan ranar da ya bar shi zuwa Wigan.